Yadda Ake Tantance Gajeren Adireshin Intanet Kafin a Buɗe Shi

Gajeren adireshi shi ne dogon adireshin shafi da wani kamfani ya dunƙule zuwa 'yan haruffa, kamar yadda TinyURL ke yi tun 2002 da Bitly tun 2008. Babbar illarsa ga mai karatu ita ce yana ɓoye inda zai kai shi, kuma a unguwar Tahaggart ta birnin Tamanrasset a Aljeriya, inda 'yan kasuwa da 'yan ci-rani daga Nijar ke gaisawa da gida ta WhatsApp, irinsa kan zo cikin saƙon alkawarin kyautar data ko aikin yi.

Mataki na farko shi ne kada a buɗe shi, a danna a riƙe har wayar ta ba da damar kwafewa. Na biyu, idan na bit.ly ne a ƙara alamar + a ƙarshensa domin a ga cikakken adireshin, idan kuwa na wani kamfani ne a liƙa shi a shafin VirusTotal, wanda ke binciken adiresoshi kyauta.

Mataki na uku shi ne mai wuya, kuma a nan masu ba da shawarar a nemi hoton kwaɗo a gefen adireshi ke ɓatar da mutane, domin kwaɗon yana nuna an kare saƙo a hanya ne kawai, ɗan damfara ma yana iya samunsa. Abin dubawa shi ne sunan yanki, wato galibi kalmomi biyu na ƙarshe kafin karkatacciyar sanda (/) ta farko bayan https://, kuma daga dama ake karanta su. Adireshin gidan waya na Aljeriya yana ƙarewa da poste.dz, saboda haka wanda aka rubuta poste.dz.kyauta.com ba nasa ba ne, komai kyan tambarin da ke shafin. Kada a saka lambar katin kuɗi na Edahabia, ko lambar sirrin da ta shigo ta layin Mobilis, Djezzy ko Ooredoo, a shafin da aka iso ta gajeren adireshi.

Na huɗu, idan shafin mai amfani ne a adana cikakken adireshinsa, domin gajeren yana rayuwa ne muddin kamfanin na riƙe da shi. Google ya daina ƙirƙirar sababbin gajerun adiresoshinsa na goo.gl a 2019, a 2025 kuma ya kashe waɗanda aka daina amfani da su.