Allon yaran Ingila

Da yawanmu mun ɗauka mu kaɗai ke da allo. Ashe a ƙarni na 16 da na 17, yaran Ingila ma da ɗan allo suke fara karatu. Ƙaramin katako ne mai mariƙi. Sai a manna masa takarda mai ɗauke da baƙaƙensu da addu'ar Kiristoci, a rufe ta da ƙahon sa da aka fere har ana ganin rubutun ta cikinsa. Takarda na da tsada a lokacin, hannun yaro kuwa kun san shi.

Sai dai nasu ba a wanke shi. Mu in mun hardace, mu wanke, malam ya ƙara mana. Su kuwa shafin nan ɗaya za su yi ta biyawa, sai sun iya shi a ba su littafi.