Amsar Tambaya: Kwana Uku Sun Isa a Jibralta?

Tambaya: Malam, ina aiki a Landan. Ni da maiɗakina muna son mu ɗan sha rana a Jibralta. Hutun kwana uku zai wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, zai wadatar har da rara, domin duka yankin bai cika murabba'in kilomita 7 ba. Yana kudancin Sifaniya amma a hannun Birtaniya yake, saboda haka ku tabbatar da ƙa'idar biza kan fasfonku kafin ku yanki tikiti.

Ku ba Dutsen Jibralta yini guda cur. Tsayinsa mita 426, kuma ta nan Ɗariƙu bin Ziyad ya shiga Andalus a shekarar 711. Ku hau da sassafe, kafin rana ta take. A sama za ku tarar da birai zaune kan katanga, idonsu na kan jakar mutum. Da sun ji motsin leda sai su fizge. Kada ku ba su abinci, tara ake ci. Ku leƙa kogon St Michael kafin ku sauko.

Washegari ku nufi Europa Point, inda masallacin Ibrahim al-Ibrahim yake, wanda Sarki Fahad na Saudiyya ya gina aka buɗe a 1997. Idan gari ya washe, daga harabarsa ana hango duwatsun Maroko. Ni dai da a ce wuri ɗaya za ku je, nan zan tura ku.

Masauki akwai tsada, ku kama da wuri. Fam ɗin Ingila yana karɓuwa a can, amma ku kashe takardun kuɗin Jibralta kafin ku dawo, domin shagunan Landan ba sa karɓa. Ku tafi a Mayu ko Satumba.