Me Ya Sa Hoton Da Ka Buga Bai Yi Kama Da Na Allo Ba?

Kukan da masu ɗaukar hoton biki suka fi yi shi ne: hoto ya yi kyau a allon kwamfuta, amma da ya fito daga firinta sai shuɗin leshin amarya ya dushe, fuskar ango kuma ta nutse cikin duhu. Galibi firintar ba ta da laifi. Allo da haske yake haɗa launi, ita kuwa tawada shanye haske take yi ta mayar da saura. Don haka akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda babu tawadar da za ta iya kai su.

Mai shiga tsakaninsu shi ne furofayil ɗin launi, wani ƙaramin fayil a tsarin ICC, ƙungiyar da kamfanoni irin su Adobe da Apple da Kodak da Microsoft suka kafa a 1993. Ga inda ake yawan tuntuɓe: furofayil na abu uku ne a haɗe, firinta da tawada da takarda. Wanda Epson ya yi wa firintarsa L1800, da tawadarsa da takardarsa aka auna shi. Ranar da ka cika tanki da tawadar kasuwa, ko ka sauya takarda, wannan awo ya tashi aiki. Idan da sabuwar tawadar ko takardar za ka ci gaba, nemi mai na'urar auna launi irin i1 ta X-Rite, ka buga masa takardar gwaji, ya auna ya haɗa maka naka. Kuɗin bai kai asarar takarda da tawada da kake yi kana gyara da ka ba.

Sai batun launin da ya fi ƙarfin takarda. Hanyoyi huɗu ne a Photoshop, amma biyu ne naka. Kamar kaya ne da suka fi ƙarfin buhu: ko dai ka danne su duka su shiga, ko ka yanke abin da ya leƙo waje. Zaɓin Perceptual shi ne mai dannewa: yana ɗan rage duk launuka domin tazarar da ke tsakaninsu ta tsira, shi ya sa ninkin shadda mai ƙyalli ke fitowa. Relative Colorimetric yana barin launin da takarda za ta iya yadda yake, sauran ya tura su bakin iyaka. Fata takan fito daidai, amma jan atamfa mai zafi na iya zama faci guda babu zane. Ni da shi nake farawa a hoton fuska, sai in ga kaya sun cushe in koma ɗayan.

In ka zaɓi Relative Colorimetric, don Allah kar ka manta da akwatin Black Point Compensation. Wannan ya fi damuna, domin mu ya fi shafa. Baƙin takarda, musamman marar sheƙi, bai kai na allo zurfi ba. Idan ba ka kunna akwatin ba, duk inuwar da ta fi ƙarfin takardar za ta dunƙule, kuma a nan ne kumatu da gefen wuyan mutum baƙi suke. Mutum ya biya kuɗi don ya ga fuskarsa.

Idan Photoshop ke kula da launi, kashe gyaran launi a manhajar firinta, in ba haka ba za a fassara sau biyu, hoto ya fito da wani launi na daban.

Wajen tantancewa, kar ka tsaya ga allo kaɗai. Buga hoto ɗaya ta hanyoyin biyu, wanda ke da fuska da farar riga da zani mai launi da wuri mai toka-toka. Bar shi ya kwana tawada ta zauna, sannan ka duba a hasken rana bakin taga, ba ƙarƙashin ƙwan shago ba. Ma'aunin masu ɗab'i shi ne haske mai 5000K. In toka ta karkata zuwa kore ko ja, furofayil ne bai dace ba. In kuwa komai ya yi duhu baki ɗaya, allonka ne ya cika haske. Rage shi zuwa wajen kandela 100 zuwa 120 ka sake gyara hoton.