Motar dare da gwajin ƙwallo

Tambaya: Ɗan ƙwallo ne ni a Funtua, an kira ni gwaji Legas. In hau motar dare in buga washegari?

Amsa: Ɗana, kul! Agogonmu ɗaya da Legas, don haka ba rikicewar barcin masu zuwa gabashin Amurka ce za ta same ka ba, inda tazarar awa 5 ko 6 ke cin kwanaki. Taka gajiyar zama ce: gwiwa a lanƙwashe daga Zariya har Ibadan, ƙafa ta kumbura, ka ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Da safe gudunka ya ragu, tsoka na iya ɗaurewa. Sha ruwa, tattaka duk inda aka tsaya, ka isa kwana 2 kafin gwajin. Ko buhun masara ne sayar, ka biya masauki.