Yadda Ake Gwada Sabon Jirgin Ƙasa da Direbansa

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Kazaure da Daura zai bi ya shiga Katsina, bai biyo Kankia ko Kusada ba. Duk da haka yaranmu za su nemi aikinsa, tunda ga Jami'ar Sufuri nan Daura. To su sani, sabon jirgin ƙasa ba ya sauka daga jirgin ruwa yau ya ɗauki fasinja gobe. Ko na Abuja zuwa Kaduna sai da ya yi ta zirga-zirgar gwaji tsakanin Idu da Rigasa kafin a buɗe shi a Yulin 2016.

Gwajin farko a tsaye ake yi: fitilu, hon, ƙofofi. Sai a fita da shi wayam, a hankali, ana ƙara gudu. Daga nan a loda masa buhunan yashi daidai nauyin mutane.

Inda gizo ke saƙa shi ne birki. Ƙarfe ne kan ƙarfe, jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa sai ya ci ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Birkin kuma da iska yake aiki: direba ya rage iskar bututu, kamun ya bi taragai ɗaya bayan ɗaya daga gaba zuwa baya. In ya fizga da gaggawa, na baya su dunguri na gaba, a zubar wa mutane shayi. In ya yi sanyin hannu, ya zarce tasha. Da damina dogo yana santsi, sai kan jirgi ya riƙa zubo yashi gaban ƙafafunsa. Gwani kuwa, yana gab da tsayawa yake ɗan sassauta birkin, jirgi ya tsaya ba ka ji ba. Wannan hannun ba a allo ake samunsa ba.

Shi ya sa ɗalibin tuƙi ke daɗewa yana mataimaki, kamar yaron mota a tashar Kankia da ke shekaru kafin maigida ya miƙa masa makulli. Sai ya haddace hanya: gangara, kwana, mahayar shanu, inda zai fara kama birki kafin tashar Jere ko da hazo ya rufe alama. Ranar jarrabawa malaminsa na zaune gefe, bakinsa gum, idonsa kan agogon iska.