Darasi Domin Uwaye: Makarantar Gidan Susana Wesli

Karatu: Kubawar Shari'a 6:4-9, 1 Korinthiyawa 14:40

Uwaye da yawa su kan ce, "Ina so in koya wa 'ya'yana karatu a gida, amma ina lokaci? Ga daka, ga ɗebo ruwa, ga tuwo, ga goyo." Gaskiya ne, aikin gida ba ya ƙarewa. Domin wannan, a watan nan za mu duba labarin wata mace ta ƙasar Ingila wadda ta koyar da 'ya'yanta da kanta, mu ga dabarar da ta yi har lokaci ya ishe ta.

Wace ce ita?

An haifi Susana a Landan cikin shekara ta 1669. Mijinta Sama'ila Wesli fasto ne a wani ƙaramin gari mai suna Epworth. Ta haifi 'ya'ya 19, amma 9 suka mutu tun suna jarirai. Guda 10 suka girma, maza 3 da mata 7. A cikinsu akwai Yohanna Wesli, mai wa'azin nan sananne, wanda aka haifa a 1703, da ƙanensa Calis, wanda aka haifa a 1707, wanda ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000.

Kada mu zaci gidan daɗi ne. Bashi ya yi wa maigidan katutu, har a 1705 aka sa shi a kurkuku sabili da shi. Susana kuwa ta sha fama da ciwo da yawan haihuwa. A cikin wannan hali ta buɗe makaranta a gidanta. Mun san yadda ta bi da ita domin a 1732 Yohanna ya roƙe ta, ta rubuta masa dukan tsarin a wasiƙa.

1. Kowane abu da lokacinsa

Makarantar tana da awa 6 kowace rana: daga ƙarfe 9 zuwa 12, sa'an nan daga ƙarfe 2 zuwa 5. Yaro ba ya fita daga ɗakin sai da dalili. Abinci sau uku ne a rana, babu ciye-ciye a tsakani sai ga marar lafiya. Da ƙarfe 6, bayan addu'ar iyali, a ci abincin dare. Da ƙarfe 7 a yi wa yara wanka, kafin ƙarfe 8 kowa ya kwanta.

Ku lura da amfanin wannan. Uwar da ba ta tsai da lokaci ba, kowace safiya sai ta sāke shawara, yara kuma su sāke gardama. Amma in lokaci ya tsaya, gardama ta ƙare, gama kowa ya rigaya ya san abin da ke biye.

2. Shiri tun jiya

Bisa ga al'adarta, yaro ya kan fara karatu sa'anda ya cika shekara 5. Ana gobe zai fara, sai ta kintsa gida, ta raba wa kowa aikinsa, ta hana kowa shiga ɗakin a lokacin makaranta. Washegari ta zauna da yaron shi kaɗai ya koyi baƙaƙe. Galibinsu a rana ɗaya suka iya, mata biyu ne suka kai kwana ɗaya da rabi. Daga nan sai su shiga sura ta fari ta littafin Farawa, aya aya.

Ba ƙoƙarin yaran za mu ɗauka a nan ba, gama kowane yaro da irin kansa. Abin koyi shi ne, ta kan kawar da abin da zai katse ta tun kafin ya zo.

3. Kowane yaro da ranarsa

A gidan yawa, yaro mai shiru ya kan ɓace wa uwarsa ba ta sani ba. Susana ta jera sunayen 'ya'yanta bisa kwanakin mako. A wasiƙar da ta aika wa mijinta a 1712 ta faɗi jerin: Litinin Moli, Talata Heti, Laraba Nansi, Alhamis Yohanna, Jumma'a Pati, Asabar Calis, Lahadi kuwa Emiliya da Suki tare. Da maraice ta kan keɓe da mai ranar, su yi magana a kan zamansa da Allah.

Bayan shekara 20, Yohanna yana malami a Jami'ar Oksfod, ya rubuto mata yana roƙo ta riƙa ba shi wannan ɗan lokaci na daren Alhamis kamar dā. Ashe bai manta ba.

4. Dokoki kaɗan, sanannu ga kowa

Ta kuma kafa wa gidan dokoki 8. Ga waɗansu daga ciki. Yaron da ya yi laifi, in ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin gyara, ba a dūkansa, gama ta ga tsoron bulala shi ke koya wa yara ƙarya. Ba a horon yaro sau biyu a kan laifi ɗaya. In yaro ya yi ƙoƙarin biyayya amma aikin bai yi kyau ba, a karɓa da alheri, a nuna masa yadda zai gyara. Ba mai ɗaukar kayan wani sai da izininsa, ko da abin bai kai anini ba. Alkawari kuwa dole a cika shi. Ta ƙarshe ita ce, ba a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai.

Irin dokokin nan suna tsare uwa kamar yadda su ke tsare yaro. Ranar da ta gaji, ba za ta yi hukunci bisa ga fushinta ba.

5. Sa'anda tsari ya rushe

A daren 9 ga Fabrairu 1709 gidan ya kama wuta ya ƙone ƙurmus. Da ƙyar aka fid da Yohanna ta taga, yana da shekara 5. Aka rarraba yaran a gidajen mutane. Da aka sāke gini suka komo, sai ta iske sun kwaso baƙar magana da sakaci da ranar Ubangiji. Ba ta fid da zuciya ba. Ta sāke farawa, har ta ƙara sabon abu: a buɗe makaranta da zabura, a rufe da zabura, manyan yara kuma kowa ya ɗauki ƙarami ɗaya ya karanta masa zabura da sura guda, safe da yamma. Da haka nauyinta ya ragu, manyan kuma suka koyi koyarwa.

Gargaɗi

Ba dukan abin da ta yi za mu kwaikwaya ba. Ta kan sa yaro ya ji tsoron bulala tun yana shekara ɗaya, wannan kuwa ya yi tsanani ƙwarai. Tana kuma da 'yar aiki, wadda uwaye da yawa ba su da ita. Bayan haka, tsari ba ya sayen albarka. Waɗansu daga cikin 'ya'yanta mata sun sha baƙin ciki a gidan aure. Namu shuka ne da ban ruwa, girma kuwa na Allah ne.

Abin yi a wannan mako

Ke uwa, ki samo takarda ɗaya. Ki rubuta lokacin karatu, ko da rabin awa ne bayan abincin rana, ki riƙe shi kowace rana. Ki rubuta sunan kowane yaro a gefen ranarsa. Ki rubuta dokoki waɗanda ba su wuce 5 ba, ki karanta wa yara, ki liƙa a bango. Kowane dare ki rubuta aiki 3 na gobe, ki ajiye littafi da fensir wuri ɗaya. In baƙi ko ciwo suka ɓata miki yau, gobe ki ɗora daga inda kika tsaya. Da sannu-sannu kwana nesa.

Kai maigida, umurnin da ke cikin Kubawar Shari'a sura 6 ya hau kanka kai ma. Kada ka aiki yaro a lokacin karatunsa.

Tambayoyi

1. Wane aiki ne ya fi cinye lokacin karatu a gidanku?
2. Don me Susana ta hana dūkan yaron da ya faɗi gaskiya?
3. A cikin 'ya'yanku, wane ne ya daɗe bai zauna da ku shi kaɗai ba?

Ayar haddacewa: Misalai 22:6. Ubangiji ya ba uwayenmu haƙuri da hikima. Amin.