Hadda da Mantuwa: Ina Karatun Yake Tafiya?

Duk shekara idan aka gama girbin gero aka koma ga allo, kuka ɗaya muke ji daga malaman tsangayu, tun daga Bande da Waca har Malawa da Dogo-Dogo: yaro ya tafi gona da izu biyar a ka, ya dawo da uku. Sai a ce sakaci ne, a ɗauko bulala. Kafin a kai ga bulala, ya kamata mu san yadda Allah ya tsara ajiya a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Masana sun raba ajiyar gida biyu. Akwai ta ɗan lokaci, wadda ba ta ɗaukar kaya da yawa, kamar lambar waya da ake riƙewa a baki kafin a buga. Shi ya sa malami yake biya wa ƙolo aya gaɓa-gaɓa. Akwai kuma mai daɗewa. Mai jigila tsakaninsu wani ɗan sashe ne a can cikin ƙwaƙwalwa, likitoci suna ce masa hifokamfas. A shekarar 1953 an yi wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, aiki saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wannan sashe. Ya rayu har 2008 yana tuna ƙuruciyarsa, amma wanda ya gaisa da shi da hantsi, kafin azahar ya zama baƙo a wurinsa. An kuma tabbatar cewa barci yana ƙarfafa wannan jigila, don haka almajirin da bai samu isasshen barci ba, karatun jiya bai gama shiga rumbu ba.

A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa yadda ya auna mantuwa a kan kansa. Ya ga cewa mafi yawan zubewa tana faruwa a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma ga abin da ya fi shafarmu: abin da mutum ya taɓa haddacewa ya manta, idan ya koma masa yana kama shi da sauri fiye da karon farko. Ashe izu biyun nan ba su ƙone ba. Hanyar zuwa gare su ce ciyawa ta rufe. Dukkanmu mun sha gani a tarawihi: liman ya kakare, wani daga sahu ya jefa masa kalma ɗaya tak, sai karatu ya ɓalle. Da ayar ba ta nan, kalma ɗaya ba za ta fiddo ta ba.

To, me ke share hanyar? A 2006 wasu malaman jami'a a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: wasu suna maimaita duba rubutu, wasu suna rufe shi suna kawo abin da ka. Bayan minti 5 masu dubawa ne a gaba. Bayan mako guda masu kawowa da ka suka wuce su. Magabatanmu ba su jira wannan ba. Wanke allo, da tilawa da ka, da satu na gardawa, duk fiddo karatu ne daga ajiya. A ganinmu nan ne samarinmu ke ruɗin kansu: suna sauraron ƙira'a a waya yini guda, kunne ya saba, su ɗauka hadda ce. A ce su ja baki, sai shiru.

Tsoro kuwa yana ƙara toshe hanyar. Yaron da ke kallon bulala yakan rasa ayar da ya kawo daidai da safe. Muna roƙon iyaye, idan damina ta faɗi, su riƙe Alƙur'ani bayan sallar asuba, yaro ya kawo sumuni ɗaya ko biyu da ka kafin ya ɗauki hauya. Inda ya tsaya a ba shi ɗan lokaci ya lalubo, in ya gaza a buɗe masa kalmar farko kawai.